Wa Ke Wari a Dakalin Turai?

"...lafiya ƙalau, ya mutanen Sara? Ya gwiwar? To tsaya daga nan, ba sai ka matso ba, kunnena bai mutu ba."

Malam Haladu ya dogara sandarsa a tsakiyar layi ya tsaya. Ya dubi ɗan acaɓan da ya sauke shi yana juya kan babur, sannan ya dubi Inna Turai da ke zaune ita kaɗai a dakalin ƙofar gidanta, da farantin ƙuli a gaba.

"Ikon Allah! Yau baiwa ce ke shata wa ubangidanta iyaka?"

"Ubangidan wa? Ɗan mace da kai? Daga gidanmu aka ɗauki uwarka, ku bayi ne har jikokin jikokinku."

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Mahaifiyar Haladu da mahaifin Turai ciki ɗaya suka fito, wato su biyun taubasai ne, kuma tun suna wasan ƙasa ba a taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗan'uwansa magana mai daɗi ba. Yanzu duk sun haura saba'in, haƙora sun zube, bakin yana nan daram. Duk sanda Haladu ya shigo Birnin Kudu ganin likita saboda gwiwa, sai ya biyo ya karɓi rabonsa na zagi kafin ya koma gida.

Amma zagin yau ba shi da gishiri, ita ma ta sani. Tun da damina ta yi nisa mutane suka fara gudun dakalinta. Da can la'asar na yi ƙawayenta Hajjo da Ma'u za su iso da tabarma, a yi ta hira ana ɓarar gyaɗa har a kira magariba. Sai Ma'u ta fara cewa bayanta na ciwo, Hajjo ta ce jikoki sun yi mata yawa, alhali ga su can kullum a ƙofar gidan Ma'u, suna ɗago mata hannu daga nesa. Masu sayen ƙuli suka koma miƙo hannu daga tsaye suna kau da kai. Abin da ya ƙarasa ta shi ne ranar da jikarta Hidaya ta durƙusa gaishe ta, yarinyar ta ja bakin hijabi a hankali ta rufe hanci don kada kakarta ta gani. Ta kuwa gani.

Ga kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba: hancinta ya mutu. Wata muguwar mura ta yi bara, da murar ta tashi tafiya sai ta haɗa da ƙamshi da wari ta yi gaba. To mace ta tsufa, wani lokaci in ta yi tari mai ƙarfi sai ta sake zane, ga mutane na toshe hanci in sun zo kusa da ita, me kake so ta raya a ranta? Ta yanke cewa ita ce ke wari. Wallahi abin tausayi. Ta yi wanka da safe, ta yi da rana, ta sake da yamma, ta zazzage duk humrar da aka taɓa kawo mata tsaraba, ta daina zuwa biki da suna. Kunya ta hana ta tambaya, kunya ta hana mutane faɗa.

Shi kuwa Haladu ba a ce masa tsaya ya tsaya. Ya ɗingiso har bakin dakalin, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ja da baya kamar an mare shi.

"Kai! Innalillahi! Turai, me ya mutu a nan?"

Ga shi nan, an faɗa, kuma a bainar layi. Ta daure ta ɗaga murya.

"Kai ka zo da shi. Warin shanunka ne ya biyo ka tun daga Sara."

"Shanuna ƙamshin nono suke yi. Wannan kuwa ko ungulu ce ta biyo sai ta sake layi."

"To ai ga ka ka biyo, ba ka sake ba."

"Tsaya, tsaya, abu biyu nake ji. Wari daga ƙasa, turare daga sama, suna dambe ba mai raba su. Ke wa za ki aura? Turaren da ke jikinki ya ishi amare uku da ƙawayensu. In dai don ni kike yi, tun muna yara na ce ba na so."

"Kai ka ce ba ka so? Wa ya zo gidanmu da rake a kafaɗa, wando ɗaya ƙafa a naɗe, Inna ta raka shi da muciya?"

"Raken na sayarwa ne."

"Shi ya sa ka bar shi a zaure ka ruga?"

Ta mayar masa da martani daidai, amma ba ta ɗago ta dube shi ba. Haladu ya san Turai kamar yadda ya san gonarsa. Ya ƙura mata ido.

"Ke, wai tsakani da Allah kina zaune cikin wannan abin ba kya ji?"

"Ina ji mana. Haƙuri ne da ni, ba irinka ba."

"Madalla da mai haƙuri. To ga tsaraba Rukayya ta ce in kawo miki." Ya zura hannu a aljihu ya zaro wani ɗan ƙulli a baƙar leda, ya kwance bakinsa ya miƙa saitin hancinta. "Shinshina ki faɗa mini mene ne, in kin faɗa naki ne."

Turai ta san Rukayya matar Haladu ba ta aiko mata da komai sai man shanu. Ta ja numfashi, ta gyaɗa kai irin na masana.

"Man shanu ne. Kuma an yi masa haɗi, kamar kullum."

"Man zafi ne na gwiwa, yanzu aka ba ni a asibiti. Wanda ko jaki ya shaƙa sai ya yi atishawa."

Ta gyara ƙulin da ke kan faranti, wanda ba abin da ya same shi.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Tun murar bara."

"Shi ya sa! Ni dai na ce miyar da kika ba ni da Sallah ta ƙone, kika ce baƙin cikina ne."

"Baƙin cikin naka ne. Ka kuma sha kwano biyu."

"Don kada a zubar." Ya ƙulle ledarsa ya mayar aljihu, sai kuma hannun ya tsaya a can. Ya dubi tazarar da ta so ya tsaya, ya dubi zanenta da mayafinta wankakku fes, ya juya ya hango tabarmar su Hajjo can ƙarshen layi. "Au. Wai ke a zatonki ke ce?"

"Wane ne to? Ni kaɗai ce a dakalin."

Ta faɗe shi a hankali, ba zagi a ciki ko ɗaya, abin da bai taɓa ji daga bakinta ba. Haladu ya buga sanda a ƙasa.

"Tashi."

"In je ina?"

"Gindin darbejiyar can. In ke ce zan faɗa miki, kin san ba na jin kunyarki. In ma da hali har shela zan sa a yi."

Wannan kam ta yarda da shi. Duk duniya in akwai wanda ba zai rufa mata asiri ba don ya faranta mata, to shi ne. Ta tashi, suka tsallaka layi, ita a gaba shi a baya yana ɗingishi. A gindin bishiyar ya ce ta tsaya cak, ya shiga zagaya ta yana jan hanci, kamar mai tayin saniya a kasuwar Sara.

"Ka yi sauri, mutane na kallo."

"Yi shiru, kina dama mini aiki. Ɗaga hannu. To, na ji sabulu. Na ji humra. Na ji turaren wuta. Akwai kuma wani abu mai ƙarfi a ƙarƙashi."

"Mene ne?"

"Rowa. Ita ce kaɗai ke tashi a jikinki, ita kuwa da ita aka haife ki."

"Allah ya isa, Haladu!"

"Tsaya nan, kada ki motsa."

Ya koma shi kaɗai ya zauna a kan dakalin, daidai inda take zama. Bai gama gyara riga ba ya miƙe zumbur, gwiwar ma ya manta da ita.

"Ga ki can, ga wari nan!" ya ƙwala mata. "Sai dai in ajiya kika ba dakalin!"

Hankalin Turai ya ɗan kwanta. Amma ba ta saki jiki ba, wanda ya daɗe da tsoro ba ya yarda da wuri. Ta dawo tana harararsa.

"To in ba ni ba ce, mene ne? Ko bakin ne kawai da kai?"

"Biyo ni ki ga aikin manya. Ni da nake gane saniya ba ta da lafiya tun daga bakin garke."

Suka bi jikin katanga. Ya fara tsayawa a bakin kwatar da ke fito da ruwan wanke-wanke, ya sunkuya ya shaƙa.

"Wannan tsami ne, ruwan ƙanzo da kumfa. Ƙazanta ce dai irin taki, amma ba shi ba ne."

"Kwatata ta fi randar gidanka tsabta."

Suka zagaya baya, inda awakinta ke ɗaure ta ciki.

"Nan zarni ne. Shi ma ba shi ba. Awakin ma da ganin yadda suke kuka yunwa ce ke damunsu."

"Sun ji muryar ɗan'uwansu ne."

"Ko ɓera ne ya mutu a rami?" Ya tambayi kansa, ya kuma ba kansa amsa. "A'a. Warin mushe daban ne, kuma da yanzu ya bushe ya huta. Ke, da wane lokaci mutane suka fi gudunki?"

"Ba gudu na suke ba, kai ka faɗa."

"To, gudun dakalin."

Ta yi tunani. "Da safe ana ɗan tsayawa. Daga la'asar ne ba mai zama."

"Lokacin da iska ke kwantawa ke nan. Abin a ƙasa yake taruwa, ba mai kwashe shi. Kuma irin warin ruɓaɓɓen ƙwai ne. Turai, wannan numfashin masai ne. Ina masanku yake?"

"Bayan katangar nan ta dakali. Amma tun Malam na da rai yake wurin, bai taɓa damun kowa ba."

"Malam ma ai ya yi haƙuri da ke, ba don ba kya damu ba."

Suka dawo gaba. Haladu ya sa sanda ya ture ciyawar da ke lungu tsakanin dakali da katanga. Ciyawar ta yi kore shar, ta fi ta ko'ina a layin, ƙasan wurin kuma da danshi alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Manyan ƙudaje masu sheƙi suka tashi buu. A gindin katangar ga wata tsaga, ɓera ya ƙara mata faɗi har hannun yaro zai shiga.

"Ga ƙofarsa. Daidai bayanki yake fitowa, kina zaune kina yi masa gadi."

"Bari in ɗauko kasko in turara ramin."

"Kada ki kuskura! Iskar masai ba ta shiri da wuta. So kike ki tashi sama ke da dakalin, a ce a gabana aka yi?"

"Da ka huta."

"Da na huta, amma wa zai ba ni abincin rana in na zo asibiti?" Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Abin da ban gane ba, masai mai bututu ba ya neman hanya ta ƙasa. Sama yake hura abinsa iska ta ɗauke. Naku ba shi da bututu ne?"

"Yana da shi mana, ga shi can. Har hula na sa masa."

"Kika sa masa me?"

Ya ɗaga kai. Can saman katanga bututun ya leƙo, an kifa masa wani babban gwangwanin tumatir, ya zauna masa cif kamar don shi aka ƙera.

Turai ta gyara mayafi, don wannan aiki ne da take alfahari da shi. "Iskar farkon damina ce ta cire masa murfi. Na ce yanzu ruwan sama zai yi ta zuba ya cika mini masai, wa ke da ƙarfin yasa? Na ɗauki ƙugiyar zogale na ɗora gwangwanin, na bubbuga shi ya zauna. Ni kaɗai, ba namiji ko ɗaya. Ko ɗigo bai ƙara shiga ba."

"Ko ɗigo bai shiga ba."

"Ko ɗigo."

"Ko numfashi bai fita ba."

Ta ɗaga kai ta sake duban gwangwanin. Haladu kuwa dariya ta kama shi har sai da ya saki sanda ya dafa katanga, warin ya kore shi, ya koma tsakiyar layi ya ci gaba.

"Wayyo cikina! Naki hancin ya toshe, kika ce wallahi ba ke kaɗai ba, sai na masai ma ya toshe! Baƙin ciki har da masai, Turai?"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Da can uban wa ya gaya mini numfashi yake yi?"

"Ɗauko ƙugiyar, injiniya."

Ta shiga ta fito da ita. Haladu ya ɗaga, ya zungura, ya kuskure, ya sake zungura.

"Hagu! Kai ko makaho ya fi ka saiti. Ni da na sa shi sau ɗaya na ɗora."

"Ɓarna ai ba ta da wuya."

A zunguri na gaba gwangwanin ya yi tsalle ya faɗo cikin gida, kaji suka watse. Abin da ya taru a bututun ya fito gaba ɗaya, iska ta kaɗo shi ƙasa, Haladu ya yar da ƙugiya ya rufe fuska da hula yana tari yana salati. Turai na tsaye kusa da shi ba abin da ta ji. Ta dube shi yana tangaɗi, dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun kafin damina.

"Yau na ga amfanin mutuwar hanci!"

"Muguwa! A kanki zan mutu, kina dariya."

Da ya samu numfashi, suka koma gindin darbejiya ya zauna a kan saiwa.

"Saurara, kada ki ƙara yin gaban kanki. Ki kira Munzali a waya, ɗanki ne, ba don ado kika haife shi ba. Ya turo magini ya toshe tsagar nan da siminti, ciki da waje. Bakin bututun a ɗaura masa raga saboda ƙuda, in za a sa murfi a sa mai ƙofofi a gefe. Ɗan ruwan da ke shiga ta nan ko buta ba zai cika ba. In an yi duk wannan warin bai tafi ba, to masan ne ya cika, sai a nemo masu yasa. Kin ji, ko kunnen ma gwangwani kika kifa masa?"

"Na ji. Amma su Hajjo ba zan yafe musu ba. Munafukai, muna tare tun muna amare, su kasa buɗe baki su gaya mini?"

"Hajjon ce ta sa aka kira ni a waya."

"Hajjo?"

"Ita. Ta ce sun rasa gane daga ina abin yake. In ta faɗa miki, ya zamana daga jikinki ne, da wane ido za ta ƙara kallonki? In ta yi shiru, ga ki kina ramewa. Har kuka ta yi. Ta ce duk dangi ni kaɗai na rage marar kunyar da zai iya."

"Nan kam ta faɗi gaskiya." Turai ta sa bakin mayafi ta share ido. "Hayaƙi ne ya shiga mini."

"Eh, hayaƙin wutar da ba a hura ba."

Ta tashi ta shige gida. Aka ji kaji na kururuwa, aka ji ta tana zagin wani, can sai ga ta da jan zakara an ɗaure masa ƙafafu, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo. Na yarda, yau ka ci. Kai ne ubangida."

"Me kika ce? Tsaya in tara shaidu!"

"Zuwa magariba. Daga nan ka koma bawanka."

Ya ɗaga zakaran yana jinjina nauyinsa. "Wannan ai tare muka yi makarantar allo da shi. Sai an kwana ana dafawa."

"Kawo abina in ba ka so."

"Wa ya ce ba na so?" Ya maƙale shi a hammata, ya lalubi sanda ya miƙe, ya ɗaga wa wani ɗan acaɓa hannu.

"Haladu."

Ya juyo, don ba da muryar faɗa ta kira shi ba.

"Hancin nan ba lallai ya dawo ba, tsufa kuma gaba yake yi. Yau ba ni ba ce, wata rana ni ce. In ranar ta zo, kai za ka gaya mini. Kada ka bari in gani a fuskar jikokina."

Haladu ya gyara riƙon zakaran da ke mutsu-mutsu a hammatarsa.

"Ni da na shekara saba'in ina neman abin faɗa a kanki? Ai ko a gadon asibiti nake sai na sa an ɗora ni a acaɓa. In zo in faɗa miki a kunne, ke kaɗai, ba mai ji."

Turai ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta, wannan karon ba ta ce hayaƙi ba ne.

"Allah ya bar mini kai, mugu."

"Amin, mai rowa."